Takalmin Hamadu a Zauren Malum

Garwa, 3 ga Maris, 1979

Adda Halime,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigida. Bayan haka, na yi abin kunya, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Kin ji labarin ƙafata ta warke bayan shanyewar da ta yi bara. Ba ta warke ba. Wata Madam Odette ce a lopital, wato asibiti, ta ba ni ɗan akwati mai pil, wato batir, girman kwalin sigari. Ta ce jijiyar tana da rai, saƙon ƙwaƙwalwa ne ba ya isa gare ta. Waya tana bin cikin wando zuwa ƙasan gwiwa, makunni kuma yana cikin takalmi. Da na ɗaga dunduniya sai lantarki kaɗan ya taɓa jijiyar, tsoka ta ja, ƙafa ta ɗagu. In na tuɓe takalmin, jan ƙafa ya dawo.

Na ji nauyin a ce ina tafiya da pil kamar rediyo, sai na ce wa kowa rubutun Malum Goni, aminin babanmu, shi ya tashe ni.

Ranar Juma'a ya aiko in zo mutane su gan ni. Zaure cike, takalma jere a ƙofa. Adda, na shiga da nawa, na taka buzunsa. Kowa ya zuba wa ƙafata ido. Shi kuwa ƙasa kawai ya kalla. Tun ranar ban bi ta layinsu ba.

Ƙaninki,
Hamadu

Maruwa, 12 ga Maris, 1979

Hamadu,

Muna lafiya, muna gaishe ka. Kai dai tun kana yaro gara ka faɗa rijiya da a ga wandonka a yage. Mutumin da ya raɗa maka suna ka taka wa buzu saboda waya? Wallahi ni ma kunyar ta kama ni har nan.

Maigida ya ce ka aiko da awon ƙafarka, zai ɗinka maka huffi ya sa makunnin a ciki, ka shiga masallaci ma da shi. Wannan mai sauƙi ne. Ƙaryar kuwa ba a ɗinke ta da fata, shi ya sa na rubuta wa Malum komai. Ka yi fushi in ka ga dama.

Allah ya ƙara sauƙi.
Halime

Garwa, 20 ga Maris, 1979

Ɗana Hamadu,

Assalamu alaikum. Takardar yayarka ta iso. Maganar buzu ta wuce, an kaɗe shi tun ranar.

Ga abin da bai wuce ba. Ka san Mama, uwargidana, shekara uku tana jan ƙafar hagu. Da ta ji abin da ka faɗa, sai ta ce in yi mata irin rubutunka. Wata biyar tana sha safe da yamma. Kwanan baya na same ta tana kuka, tana tambayata wane zunubi ta yi da Allah ya karɓa maka, ita bai karɓa mata ba. Ni ma a lokacin na yarda da kai.

Ka zo gobe da hantsi, ka shigo da takalminka har ɗakinta. Kai za ka ɗaga wandon ka nuna mata, sannan ka raka mu wurin madam ɗin.

Wassalam,
Goni