Lilon Aku da Zaren Buhun Masara

Kafanchan, daren Alhamis, Nuwamba 1991

Yau kwana uku ke nan da na rataya wa akuna lilo a kejinsa, wanda na tufka da hannuna daga zaren tsohon buhun masara. Bai hau ba, bai ko taɓa shi da baki ba, sai ya maƙale a kusurwa yana kwaikwayon kukan jirgin ƙasa. Na ɗauki wannan rashin godiya ne, har na faɗa masa haka.

Da safe mai ɗakina Saratu ta ciro lilon ta shinshina, ta ce, "Maigida, wannan ba buhun da muka barbaɗa wa maganin ƙwari ba ne? Shekara talatin kana hedimasta, ga aku ya fi ka hanci!"

Gaskiyarta, ga shi kuwa duk abin da aka rataya masa taunawa yake yi. Da ya yi mini biyayya, da yanzu mun binne shi a bayan gida.

Na ƙone lilon. Na samo sabuwar igiyar rama wadda ba a rina ba, muka dafa ta, muka shanya, na tufka wani lilon da ita, na datse zaren da ya tsinke domin kada ya sarƙe masa farce. Kafin faɗuwar rana yana bisa lilo yana ihu, "Shiru a aji!"

Gobe bayan addu'ar safe zan roƙi haɗin kan dukan mutanen gidan: kada kowa ya sa wani abu a kejin nan sai Saratu ta shinshina. Dokar za ta fara aiki daga kaina.