A Buɗe wa Masu Zuwa Duba Babana Ƙofa

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Mazauna rukunin gidajenmu da ke Nassarawa GRA, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali, na zaɓi in rubuto a fili ne saboda sau uku ina aiko da saƙo ta manhajar da kuka ɗora mu a kai, sau uku na'ura tana amsa mini cewa an karɓi ƙorafina, an gode. Ni kuwa ba ni da sauran lokacin jiran godiya. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Na ɗaya. Na san dalilin sabon tsarin ƙofa. An yi mana sata bara, kuma ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu da aka ce duk baƙo sai ya nuna lambar da mai gida ya tura masa ta waya, lambar da ke mutuwa bayan awa biyu. A ranar ban tuna da irin baƙin da ke zuwa gidan Bahaushe ba.

Na biyu. Makonni biyar ke nan da na ɗauko mahaifina, Malam Idi, daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim, bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce sai an riƙa motsa masa hannu da ƙafa sau uku a mako, shi ya sa yake wurina. Mutum ne da a garinmu ko ɗan yatsa wani ya yanke sai ya taka ya je sannu. Tun da ya zo ya sa aka juya masa gado ya fuskanci ƙofar ɗaki. Mako ɗaya, biyu, uku, ba wanda ya yi sallama. Ya daina tambaya, sannan ya fara ture kwanon abinci.

Na uku. Ranar Talatar da ta wuce, Malam Sale mai gadi ya tsayar da motata, ya miƙo mini kwalbar zuma da wani dattijo ya bari a ba mara lafiya. Da na matsa masa, ya ce dattawa sun zo rukuni huɗu a lokuta daban-daban, duk ya mayar da su don ba su da lamba. Ban ga laifinsa ba. Kun cire wayar da ke haɗa ɗakin gadi da gidaje, kun kafa masa kyamara a ka, kuma ya ga yadda aka sallami abokin aikinsa don ya bar mai kawo nono ta shiga.

Alhaji, wane dattijo ne yake bugo waya ya nemi izinin zuwa dubiya? Zumunta a ƙafa take, haka suka taso suka gani. Ba su da lambata, wayar Baba kuma tana kashe tun da hannunsa ya daina riƙe ta. Ga shi nan gidan mijina ne, wato gidan suruki suka zo, inda ko ruwa da kunya suke sha, balle su tsaya jayayya da mai gadi. Da na nemo lambar Malam Haladu, aminin Baba na shekara hamsin kuma mai zumar nan, ko kalmar kora bai furta ba. Cewa ya yi sun zo sun tarar ana hutawa. Na ajiye wayar na yi kuka, don kunya ta kama ni har ƙashi.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Na faɗa wa Baba gaskiya, bai yarda ba. Ya ce lallashinsa nake yi, don babu ƙofar da ake hana mai dubiya shiga a ƙasar Musulmi. Yanzu ya ƙi yarda mai motsa masa jiki ya taɓa shi, ya ce in mayar da shi gida ranar Juma'a, gara ya ƙarasa a inda za a leƙo shi. Idan na mayar da shi, likita ya gaya mini ƙarara, ƙafar nan ba za ta sake takawa ba.

Roƙona kaɗan ne. A mayar da wayar ɗakin gadi. A ba mai gadi damar ya kira gida idan baƙo ya ambaci sunan wanda ya zo wurinsa. Gidan da ke da mara lafiya ko rasuwa kuma, a ɗage masa dokar lamba, ni na ɗauki alhakin duk wanda ya ce wurin Malam Idi ya zo.

Da ƙyar na shawo kan Malam Haladu ya yarda zai sake zuwa jibi Alhamis da hantsi, shi da mutum uku. Na so in tura masa lamba, ya ce shi ba ya karanta saƙon waya, kuma bai san sa'ar da mota za ta cika a tasha ba. Idan har lokacin ba a gyara ba, zan turo Baba a keken marasa lafiya, in shimfiɗa tabarma a bakin titi wajen ƙofarku, su gaisa a nan kowa yana wucewa.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya yi masa jagora a wannan shugabanci. Ranar da jiki ya ƙi, Allah ya sa masu zuwa duba ka su iso har bakin gadonka.

Wassalam.

Hajiya Rakiya, 'yar Malam Idi.