Inna, Na Ba da Tsutsotsina

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Balkisu ce, daga ɗakinki na Anka. Shekara biyu ke nan da rasuwarki, har yau ban koma makaranta ba.

Kin tuna ranar da na gaya miki na samu gurbin karatu a ƙasar waje, zan yi bincike a kan tsutsa? Kina tankaɗe, kika ajiye rariya kika ce, "Duk tsutsar fadamar Gummi ba ta ishe ki ba, sai kin hau jirgi?"

Ban taɓa yi miki bayani sosai ba, bari in yi yau. Tsutsar ba ta kai ƙwayar gero ba, jikinta garau, sai da madubi mai ƙara girman abu ake ganinta. Idan ƙwanta ya fara rabuwa, biyu, huɗu, akwai ƙwaya guda da ake warewa. Sauran suna ta aiki, wasu su zama hanji, wasu tsoka. Ita kuwa wani sinadari da uwar ta zuba a ƙwan ne yake tsare ta, bayanan gadon halitta da ke cikinta su yi shiru. Daga ita 'ya'ya ke fitowa. Idan na hana sinadarin aiki, sai ta bi sahun sauran, zuri'a ta yanke. Nakan wuni ina kallo, ko yunwa ba na ji.

Hutun mako uku na ɗauka na zo jinyarki. Ranar da jikin ya tsananta kika riƙe hannuna kika ce, "Jikata Nana amana ce. Kar ki bari ta wulaƙanta." Na ce to.

Nana ta shiga tara yanzu. Tun da gubar dalma ta kama ta a Tungar Guru ba ta ƙara magana ba, kuma farfaɗiyar na nan. Tuwo ba ya shiga bakinta sai daga hannuna. Da ta ga na ɗauki mayafi sai ta zauna a bakin ƙofa ta tare hanya.

Uwarta, Yaya Hajara, tana Bukkuyum da tsohon ciki, ga hanyar ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Ta kira ni tana kuka, wai tunda ni na yi karatun gadon halitta, in faɗa mata ko dalmar za ta bi ɗan cikin ma. Inna, tsutsa na sani. Na ce ta je a gwada jininta.

Makon jiya malamata ta aiko saƙo. Tsutsotsina na nan a daskare cikin firiza, da an narkar da su za su motsa, amma gurbina zai rufe ƙarshen wata. Kwana shida ina neman wanda zai karɓi Nana. Kowa ya ce Allah ya ba ni lada.

Yau da hantsi na amsa mata. Na ce ta ba wata ɗaliba tsutsotsin, ta ƙarasa aikin.

Inna, da na tura saƙon na ji haushinki. Sannan na tashi na dama wa Nana kunu. Wannan haushin nake roƙon ki yafe mini.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sauki Yaya lafiya, ya ba ni zuciyar da ba za ta riƙa waiwaye ba.

Ɗiyarki,
Balkisu