Takalma Ba Iri Ɗaya Ba

Ɗana, 'yarka ta gani! Na faɗa maka wannan kafin gaisuwa domin ba zan iya riƙe shi ba. Yanzu kuma, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Allah ya ƙara maka lafiya. Mu nan duk lafiya lau.

Ka san idonta na hagu ya tafi tun tana ƙarama, na daman nan shi ne komai nata. Aikin farko da aka yi wa idon bai riƙe ba. Likita ta ce fatar da ke can cikin idon ta yi tabo, tabon ya ja ta ta sake ɓallewa, kamar yadda zare ke tattare yadi. Ta ce a wannan karo za su kankare tabon, su sa wani magani da zai hana shi dawowa, amma ba ta yi mana alkawari ba. Da hannuna na sa hannu a takardar. Ranar na gode wa Allah da karatun yamma da na yi da furfura.

Bayan an yi aikin, aka ce ta kwanta rub-da-ciki, fuska a ƙasa, kwana da kwanaki. Muka jawo kanta bakin gado, ba abin da ke gabanta sai siminti. Likita ta hana mu damun ta da tambayar ko tana gani. Sai na yi dabara. Kullum da safe nakan sa takalmi ɗaya baƙi, ɗaya ja, in tsaya daidai ƙarƙashin fuskarta in gaishe ta. Mahaifiyarka ta ɗauka tsufa ne ya taɓa ni, har ta kai ƙarata wurin gwaggonka. Kwana goma sha ɗaya ina fita daga ɗakin ba ta lura da takalman ba.

Ranar Talata na tsaya kamar kullum. Sai ta ce, "Tsoho, haka kake yawo cikin mutane? Wa zai ce kakana ne?"

Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Jiya likita ta duba, ta ce babu alamar sabon tabo, amma za a ci gaba da lura. Keken ɗinkinta na nan a rufe tukuna.

Ka gaishe da matarka, da ƙaninka, da maigidanka. Ka nemi hutu ku zo gaba ɗayanku ku gani da idonku. Ka sa takalma masu kyau, domin yanzu babu ƙafar da ke wuce ta.

Ni ne mahaifinka.