Birki Biyu a Hannu Ɗaya

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Jikina da sauƙi, alhamdu lillahi. Ƙafar hagu ta dawo daidai, hannun ne dai yake min gardama. Yana ɗaukar kofi, amma ba ya matse abu da ƙarfi.

Ƙarar yayanki na kawo miki. Tun da aka sallamo ni daga asibiti ya garƙame min gareji da kwaɗo, ya tafi da makullin. Wai macen da ta yi shanyewar ɓarin jiki ba ta da haɗi da sifana. Kin san abin da ke ciki: tsofaffin kekunan da na tsinto a wurin 'yan gwangwan, na kankare musu tsatsa, na yi musu fenti da hannuna. Baƙin nan mai kwando ma na bar shi a kife, kacarsa na jiƙe a kananzir. Sai ya kawo min kujera mai laushi da talabijin, in zauna kamar mai jiran ranarta. Kada ki kira shi ki ba shi baki. Ba roƙo zan yi ba a gidana.

Ki shafa min kan yara.
Mamarki

Autata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan murar ƙaramin ta sake shi.

Na ari zarto a wurin mai waldan bakin layi, na yanke kwaɗon. Da hannu ɗaya, sai da rana ta take. Da na harhaɗa baƙin keken, na gane yayanki yana da gaskiya a wuri guda: hagun ba ya iya kama birki. Na zauna a kan bokiti na yi kukana, na share. Daga nan na haɗe wayoyin birkin gaba da na baya a hannun dama, na sauke sirdin yadda ƙafata za ta taɓa ƙasa, na sa masa giya mai sauƙin hawan tudu.

Ya zo ya tarar da ni da giris har gwiwar hannu. Ya yi faɗa, har muryarsa ta karye. Ya ce shi ya same ni kwance a ƙasan garejin nan ran da ciwon ya buge ni, ba zai iya sake ganin haka ba. Na tausaya masa, Auta, har cikin raina. Amma na gaya masa tsoronsa nasa ne, ba zan ƙare kwanana a kujera don ya samu barci ba.

Taki har kullum,
Mama

Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau na je ganin likita a kan kekena.

Yayanki ya biyo ni a mota, yana tafiyar hawainiya, masu motoci a bayansa suna ta danna masa ham. A kwanar gidan mai na taka yashi, na faɗi. Gwiwata ta ɗan kuje. Ya buɗe ƙofa zai fito, na ɗaga masa hannu ya tsaya. Na daɗe kafin na miƙe, amma ni na tashi da kaina, ni na ɗaga kekena, na hau. Birkin kuwa ya kama tsaf a gangaren asibiti.

Da muka dawo ya wanke min ciwon. Can ya tambaya ko mako mai zuwa ma haka zan yi. Na ce har kasuwa zan je. Ya ce to zai biyo ni. Na ce ban hana ba, amma ba a mota ba, na gaji da jawo masa zagi a titi. Na nuna masa koren keken da ke jingine a bango, tayarsa a sace, na miƙa masa famfo. Yanzu haka da nake rubuto miki ina jiyo hakinsa daga gareji. Tumbin nan nasa ya fi hannuna buƙatar magani.

Allah ya yi miki albarka.
Mamarki