Ludayin Fulawa a Ɗanwaken Inna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, ko da yake na san takardar nan ba za ta iske ki ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, shekara uku ke nan da na shiga ajin manya.

Gida lafiya. Ɗanki ya samu shinkafa bana a fadama. Takwararki Ummi ta cika shekara goma sha ɗaya, kuma saboda ita na zauna rubutu.

Inna, ciwonki ne da ita. In ta ci burodi ko taliya ko fanke, cikinta ya kumbura, zawo ya biyo baya. Mun yi ta maganin shawara da na tsutsar ciki, har likita a Birnin Kebbi ya ce jikinta ba ya karɓar alkama. Da muka daina ba ta, ga ta nan har da kumatu.

Ke babu likitan da ya tsaya miki. Shekara nawa kika yi ana ce miki mai tsirfa? A gidan biki a miƙo miki alkaki, ki sa hannu biyu ki karɓa, ki yi godiya, ki ba na kusa da ke. Ranar kasuwar Lolo mata su sayi dogon burodin Benin suna miki dariya a mota, ke kina cin ƙuli-ƙulinki kina taya su. Ina kika samo wannan zuciya? Ni magana ɗaya aka gaya mini kan Ummi sai abinci ya fita raina.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekarar da aka kawo ni, na zuba fulawa ludayi guda a ɗanwakenki don in gani ko da gaske ne. Kwana uku kika yi a ɗaki. Da kika tashi ba ki kai ƙarata wurin ɗanki ba. Kira na kika yi, kika koya mini haɗa garin wake da na rogo da kuka, kamar rashin iyawa ne kawai. Kin sani, ko ba haka ba?

Ranar Asabar Ummi za ta Kurgu hutu wurin 'yarki Rabi. Rabi ta riga ta ce shagwaɓa ce, in yarinya ta ji yunwa komai za ta ci. Na san abin da mai irin wannan magana ke iya yi, don na yi. Na so in hana tafiyar, amma goggonta ce. Don haka ni zan kai ta da ƙafata, in zauna gaban Rabi in gaya mata abin da na yi wa uwarta. In ta daina amsa gaisuwata na ɗauka, in dai ba ta gwada yarinyar ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa kin yafe mini.

Surukarki,
Hadiza uwar Ummi, daga Bagudo