Fitilar Inna Hamama

Da sunan Allah nake farawa. Ni Ɗaso 'yar Badamasi, mazauniyar unguwar Ka'akiyya a Makka, na rubuta wannan da hankalina cikakke. Jiki ne ya gaji. 'Ya'yana Rakan, Sami, Manar, ku karanta tare a ɗaki ɗaya.

Na ɗaya. Gidan nan kada a sayar sai Sami ya yi aure. Sauran kaya a raba yadda shari'a ta ce.

Na biyu. Rakan, shekara biyu ba ka yi wa Manar magana ba, don tana amsa saƙon wata Bayahudiya mai suna Mazal, daga Landan, da ke cewa jininmu ɗaya. Ka zo ka tambaye ni, na ce ƙarya ce. Ni ce na yi ƙarya, ɗana. Kakarku Hamama Bayahudiyar Yaman ce. Babana ya aure ta a hanyarsa ta zuwa hajji, bayan ta musulunta. Danginta suka bar ƙasar, har da ƙanwarta Badra, kakar Mazal. Ba su sake ganin juna ba.

Na uku. Ku san abin da na yi mata. Inna ba ta taɓa barin salla ba, kuma da kalmar shahada ta cika. Amma kowace Juma'a kafin magariba, a tsohon gidanmu na unguwar Jarwal, takan kunna ƙananan fitilun mai guda biyu, ta rufe idonta da tafin hannu, kamar yadda matan gidansu ke yi. Maƙwabta suka fara cewa tsafi take. Ina 'yar shekara goma sha biyar, kunya ta ishe ni, na ɗauki ɗaya na rotsa a gabanta. Ba ta dake ni ba. Cewa kawai ta yi ba ibada take ba, a daidai wannan lokacin Badra ma tana kunna tata, nan kaɗai suke haɗuwa. Daga ranar ba ta ƙara kunnawa ba. Juma'a ta yi, sai ta zauna bakin taga hannu a cinya. Shekara talatin ina ganinta haka, ban iya buɗe baki na ce ta yafe mini ba. Wallahi wannan ya fi ciwon da ke jikina ci na.

Na huɗu. Manar ta karanta mini saƙon Mazal a ɓoye. Ashe Badra, har ta rasu, fitila uku take kunnawa, ta ukun ta yayarta ce. Ita ba ta fasa zuwa mahaɗar ba. Ni na hana Inna zuwa.

Na biyar. Fitilar da ta tsira tana ƙasan akwatina, cikin tsohon mayafi. Na bar wa Mazal. Ba ta da hanyar shigowa garin nan tunda ba musulma ba ce, don haka a aika mata. Rakan, kai za ka naɗe, Manar ta rubuta adireshi. Ban ce kowa ya kunna komai ba, addininku na nan inda yake. Zumunci nake roƙo, shi kuwa a ƙafa yake.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, kada ku watse bayana. Rakan, ka riga ƙanwarka sallama tun tana da kunnen ji. In kun je kabarin Inna, ku gaya mata fitilarta ta isa gidan Badra, kuma Ɗaso na neman gafara.